Isnadin Suna da Ma'auni a Kasuwar Bodija

Duk jama'ar da ta ƙudura haɗuwa a kan kundi ɗaya na sunayen abubuwa da rabe-rabensu, wajibi ne ta rubuta a gefen kowace kalma wanda ya kawo ta, da garin da aka ji ta, da ranar da aka yi ittifaƙi a kanta, domin ranar da saɓani ya taso a san wurin wanda za a koma.

Tun da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan cikin 1916, cinikin shanu bisa lamuni yake tafiya, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969: falke ya sauka wurin maigida, dillali ya sayar wa mahauci bashi, maigida ya tsaya, saboda ya san wanda ya kawo dabbar da halin wanda ya saye ta. Yau kuma a Kasuwar Bodija, wadda aka buɗe a 1987, mai wake daga Dawanau da tiya yake lissafi, mai saye da kongo, sa guda wani ya ce bokoloji, wani ya ce gudali. Wanda ya shigar da waɗannan cikin kwamfuta a matsayin abu ɗaya, bai ambaci mai awo da kwanon da ya auna da shi ba, ya shuka husuma.

Magabatanmu sun riga mu gane wannan. Malaman hadisi ba su karɓar matani sai da isnadi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jera shaihunansa da abin da ya karanta wurin kowanne cikin Ida'un Nusukhi. Ƙamusun Bargery na 1934 ma yakan nuna kalmar Katsina da ta Sakkwato da wadda aka aro daga Larabci. Ƙa'idar PROV ta rubuta asalin bayanai a kwamfuta, wadda ƙungiyar W3C ta fitar a 2013, wannan turbar ta bi.

Mai yiwuwa a ce wannan wahala ce mai jinkirta aiki. Haƙiƙa akwai jinkiri, amma kundin da ya adana asali ana iya yi masa gyara ba tare da an zalunci kowa ba, alhali wanda ya shafe asali yakan mai da lafazin mai ƙarfi ya zama hukunci a kan kowa. Saboda haka masu tsara irin wannan kundi su zauna da dillalan Bodija da dattawan Sabo, su rubuta kowace magana da sunan mai ita.