Masu Majigin Kaduna da Lissafin Daidaita Hoto

Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917, kuma daga ofisoshinta na arewacin kogi aka riƙa tsara abin da gwamnati ke son talaka ya ji, daga baya kuma ya gani. A 1939 Turawa suka kafa sashen fina-finan mulkin mallaka a Landan ƙarƙashin William Sellers, tsohon ma'aikacin lafiya a Legas. A zamanin Sardauna, ma'aikatar watsa labarai ta Kaduna ce ke tura motocin majigi garuruwa da ƙauyuka, ana nuna fina-finai irin su Baban Larai. Farfagandar aka fi tunawa, amma aikin mai majigi lissafi ne tsantsa, ko da shi bai kira shi haka ba.

Haske yana ƙara buɗewa gwargwadon nisan da ya yi daga na'ura. Da ta ɗan ɗaga kai, saman hoto ya fi ƙasansa faɗi, sai mutum ya fito da ƙaton kai da 'yan ƙafafu. Mai majigi kuwa ba ɗaki gare shi ba, fili ne mai tudu da kwari, da farin ƙyalle da iska ke kaɗawa. Sai ya auna nisa, ya cusa katako ƙarƙashin na'ura, ya ja ƙyallen ta kusurwa huɗu ya ɗaure tamau, ya murɗa gilashi har hoton fim mai milimita 16 ya zauna daram. Masu gidajen silima nasu ciwon kan daban ne: CinemaScope, da ya fito a 1953, yana matse faɗin hoto zuwa rabi, in an manta gilashin da ke buɗe shi, jarumai su fito zanƙal-zanƙal kamar karan dawa.

Wani zai ce wannan kame-kame ne, kwamfuta ce ta kawo ilimin gaske. Lalle yau kyamara kan gano kusurwoyi huɗun allo, manhaja ta karkatar da hoton tun kafin ya fita, har a jera na'urori da yawa a rage haske inda hotunansu suka hau juna. Sai dai gyaran ba kyauta ba ne: manhajar matse hoton take yi, wasu ɗige-ɗigensa su tafi a banza, kaifinsa ya ragu. Shi ya sa har yanzu masu wannan sana'a kan fara saita na'ura da allo da hannu, sannan su bar wa kwamfuta ɗan abin da ya rage.