Laka Kafin Dashe: Abin da Kurmin Mangurob na Neja Delta Yake Bukata

A duk faɗin Afirka babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan kurmin mangurob, wato itatuwan nan da ke tsirowa cikin taɓo a inda ruwan kogi ke garwayuwa da ruwan gishiri na teku. Mafi yawansa yana jihohin Bayelsa da Ribas da Delta, ya kuma miƙe gabas har bakin kogin Kuros Riba. Shekarun nan an yi ta maganar farfaɗo da wannan kurmi, kuma kusan duk sanarwar da ta fito da lissafi guda take zuwa: an dasa itace dubu kaza, ko miliyan kaza. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, wannan lissafi bai auna abin da ya kamata a auna ba. Rayuwar mangurob a kan laka da kai-komon ruwa ta rataya. Idan suka gyaru, sau da yawa kurmin kan dawo da kansa. Idan suka lalace, dashe ba ya tsinana komai.

Sai mu fara da yadda itacen yake rayuwa, domin a nan hujjar take. Taɓon da yake tsaye a kai cike yake da gishiri, ga shi kusan babu iskar oksijin a cikinsa, kuma sau biyu a kowace rana teku kan ciko ya rufe shi, sannan ya janye. Yawancin itatuwan duniya ba za su yi mako guda a wannan hali ba. Jan mangurob, wanda masana ke kira Rhizophora racemosa, shi ne ya fi yawa a Neja Delta, kuma dabararsa ita ce ya fitar da saiwoyi daga jikin kututture su lanƙwaso su soke laka, ya tsaya a kansu. A jikin waɗannan saiwoyi akwai ƙananan ƙofofi da yake shaƙar iska ta cikinsu idan ruwa ya janye, sannan saiwar tana tace mafi yawan gishirin tun kafin ruwan ya hau jikin itacen. Ɗan'uwansa Avicennia germinans wata hanya ya bi. Saiwoyinsa kan kwanta ƙarƙashin laka su turo ɗaruruwan tsinkaye sama don numfashi, gishirin da ya sha kuma ya fitar da shi ta ganye, har a ga farin ɓurɓushi a kai. 'Ya'yan jan mangurob tun suna jikin uwa suke tsirowa, su yi tsawo, su faɗo, ruwa ya ɗauke su ya yi ta yawo da su har su dace da lakar da za su kama.

Abin lura shi ne kowane iri yana da iyakar da yake iya jure wa nutsewa. Bambancin tsayin ƙasa na 'yan santimitoci kan raba wurin da itace zai yi girma da wurin da zai ruɓe. Shi ya sa kurmin yake jere sahu-sahu daga bakin ruwa zuwa tudu, ba wanda ya tsara shi sai ruwan.

Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa ɗanyen mai yake yi wa mangurob illar da ba ya yi wa sauran dazuzzuka. Mai yakan hau tare da cikowar teku, ya lulluɓe saiwoyin, ya toshe ƙofofin numfashi, itacen ya shaƙe a tsaye. Ragowar kuma ya bi ramukan ƙaguwa ya gangara cikin laka, inda rashin iska ke hana ƙananan halittu narkar da shi, sai ya zauna shekaru. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a kan ƙasar Ogoni a watan Agusta na 2011 ya nuna saiwoyi da wani abu mai kama da kwalta ya lulluɓe, kaurinsa a wasu wurare ya kai santimita guda ko fiye, ya kuma kiyasta cewa gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A garin Bodo, inda bututun kamfanin Shell ya yi tsiyaya sau biyu tsakanin 2008 da farkon 2009, kamfanin ya amince a Janairun 2015 zai biya diyyar fam miliyan 55 bayan an kai ƙara Landan. Kuɗin sun shiga hannun masunta, amma lakar da kifi da kawa da jatan lande ke hayayyafa a kanta ba ta san an biya diyya ba. Rahoton na Ogoni bai kuma wanke masu tace mai ta haramtacciyar hanya a cikin surƙuƙi ba, domin su ma sun ƙone kurmi mai yawa.

Yanzu a ce an zo an soke 'ya'yan itace a irin wannan laka. Za a ɗauki hoto, a rubuta adadi, amma me zai rage bayan shekara biyar? Ƙasashen da suka riga mu gwadawa sun ba da amsa. Bayan ambaliyar tsunami ta 2004 an yi gagarumin dashe a Siri Lanka. Binciken da aka wallafa a 2017 ya duba wurare 23, ya tarar a tara daga ciki ko itace ɗaya bai rayu ba, kuma uku ne kacal fiye da rabin dashen ya kama. A Filifin, masaniyar mangurob Jurgenne Primavera da abokiyar aikinta sun nuna a 2008 cewa abin da kan rayu na dogon lokaci bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba. Dalilin kusan guda ne a ko'ina: an dasa iri guda, wanda ya fi sauƙin tsinta da sokewa, a filin lakar da ta yi ƙasa da yawa, inda mangurob bai taɓa tsirowa ba.

Akwai kuma abin da ke jiran duk filin da aka bari fayau. A 1906 Turawan mulkin mallaka suka kawo wani nau'in kwakwar ruwa mai suna nipa daga Singafo suka dasa a Kalaba. 'Ya'yanta kan yi iyo, kuma a cikin ƙarni guda ta bazu a gaɓar Akwa Ibom da Ribas har Kamaru. A kudu maso gabashin Asiya tsiro ne mai daraja, ana yin sukari da jinka da shi. A Neja Delta kuwa takan mamaye inda aka sare mangurob ko mai ya kashe shi, ta cushe wurin, kuma ba ta da saiwoyin nan na sama da kawa ke maƙalewa, ƙananan kifaye ke fakewa. Mai karatu da ya san yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejiya da Nguru bayan gina madatsun Tiga da Challawa zai gane wannan labari: tsiro mai mamaya ba ya samun ƙofa sai an taɓa tsarin wurin. Sare nipa kaɗai ba tare da gyara abin da ya ba ta dama ba, aikin baban giwa ne.

Magana mafi nauyi, wadda kuma ta shafe mu mutanen arewa kai tsaye, ita ce asalin lakar kanta. Neja Delta tarin ƙasa ce da kogin Neja da Binuwai suka kwaso daga tsaunukan Gini da Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Kamaru, suka zube a bakin teku tsawon dubban shekaru. Mangurob yana tare wannan laka da saiwoyinsa, ya haɗa da ruɓaɓɓen ganye, ƙasar da yake kai ta riƙa tashi kaɗan-kaɗan. Da haka yake tserewa hauhawar teku. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tsakanin 2006 da 2018 teku ya riƙa hawa da kimanin milimita 3.7 a shekara, wani bincike na 2020 a mujallar Science kuma ya nuna cewa idan hawan ya zarce milimita 6 zuwa 7, da wuya mangurob ya iya bi. To amma madatsar ruwa laka take riƙewa. Kainji da aka kammala a 1968, da Jebba, da Shiroro, duk suna tare wani kaso na abin da da can yake isa delta, ga kuma Kandadji da aka fara ginawa a Nijar. Ba cewa nake kada a gina madatsa ba. Wutar lantarki da noman rani buƙatu ne na gaskiya, kuma talakan arewa bai samu ko rabin abin da ya kamace shi ba. Abin da nake cewa shi ne, duk nazarin tasirin madatsa da ya tsaya a ƙauyukan da ke kusa da ita, bai bi lakar har bakin teku ba, nazari ne guntu.

Masu goyon bayan dashe suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Inda kurmi ya mutu gaba ɗaya, babu uwar itacen da za ta zubo 'ya'ya, dole sai an kawo su da hannu. Dashe kuma yana ba mata da matasan garuruwan aikin yi, yana sa su ɗauki kurmin a matsayin nasu. Na yarda da wannan, amma matsayinsa shi ne mataki na ƙarshe. Kafin shi sai an toshe tsiyayar mai, an wanke laka, an buɗe mashigan ruwa da hanyoyin mota da tulin yashin haƙa suka datse, an auna tsayin ƙasa, an kuma sama wa masu kyafe kifi murhun da ba ya cin itace da yawa, tunda itacen mangurob shi ne makamashinsu.

Saboda haka kirana ga hukumar HYPREP mai aikin gyaran ƙasar Ogoni, da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, da jami'o'inmu na kudu da arewa, shi ne a sauya ma'auni. Kowane rahoto ya faɗi yawan man da ya rage a laka, da sa'o'in da ruwa ke rufe wurin a rana, da adadin itatuwan da ke raye bayan shekara biyar, kuma a buga waɗannan alƙaluma inda mutanen garuruwan za su iya gani su ƙalubalanta.