Waliyiyar da Sunanta Ya Koma Kayan Ƙarau

Idan Bature ya ga mace ta jibga sarƙoƙi masu ƙyalli na 'yan kuɗi kaɗan, ado ya wuce gona da iri, kalma ɗaya yake jefa wa kayan: tawdry. Wato ƙyale-ƙyalen banza, irin wanda ke walƙiya daga nesa, a matso kusa a tarar jabu ne. Asalin kalmar kuwa sunan wata mace ne da ta juya wa ado baya.

Sunanta Etheldreda, bakin jama'a ya gajarce shi zuwa Audrey. 'Yar Sarki Anna ce na gabashin Ingila. Ta yi aure sau biyu, na biyun da Sarki Ecgfrith na Northumbria, daga baya ta bar fada ta kafa gidan masu zaman ibada a Ely a shekarar 673. Malamin tarihi Bede ya ce tun daga nan tufafin ulu kawai take sawa. A 679 wani ƙari ya fito mata a ƙarƙashin muƙamuƙi. Likita ya tsaga shi, ta ɗan ji sauƙi kwana biyu, a na uku rai ya yi halinsa. Ita dai ta ɗauki ciwon a matsayin sakayyar sarƙoƙin zinariya da lu'ulu'u da ta sha ratayawa a wuya tana budurwa.

Sai 'yan kasuwa suka shigo, su da ba a raba su da taro. A da, duk 17 ga Oktoba ana cin kasuwa a Ely don tunawa da ita, kuma cikin hajar da ta yi suna har da wani siririn ƙyallen siliki da 'yan mata ke ɗaurawa a wuya, ana kiransa da sunanta na waliyiya, wato Saint Audrey. Gwada faɗin Saint Audrey da sauri sau uku: za ka ji harafin t ya ɓalle daga kalmar farko ya manne wa ta biyu. Haka tawdry ta samu a ƙarni na 16. Ko a wasan Shakespeare mai suna The Winter's Tale akwai wata makiyayiya da ke tuna wa saurayinta alkawarin saya mata irin wannan ƙyalle.

A lokacin kalmar ba zagi ba ce, sunan kaya ne. Da masu araha suka cika kasuwa, 'yan birni suka fara yi wa abin kallon adon ƙauye. Kafin ƙarni na 17 ya ƙare, shekara dubu bayan rasuwar Audrey, sunanta ya zama abin da ake kiran duk wani ado marar daraja.