Malaga

Malaga birni ne a gaɓar Bahar Rum, cikin yankin Andalus na kudancin Sifen, wanda Finikawa suka kafa tun kafin zamanin Rumawa, kuma ya zauna ƙarƙashin mulkin Musulmi har shekarar 1487. Mafi girman abin da baƙo zai ziyarta shi ne Alkasaba, ganuwar da sarakunan Musulmi suka gina a ƙarni na 11, wadda ƙofofinta masu lanƙwasa, da lambunanta, da magudanan ruwanta, suke shaida gwanintar magina na wancan zamani. A gindinta akwai dandalin wasan kwaikwayo na Rumawa, a bisanta kuwa hasumiyoyin Gibralfaro, inda mutum yakan hangi tashar jiragen ruwa baki ɗaya, kuma wahalar hawan ba ta zama asara ba. A birnin aka haifi mai zane Pikaso a 1881, aka buɗe gidan adana ayyukansa a 2003. Babbar majami'ar garin hasumiya ɗaya gare ta, domin ba a kammala ta biyun ba. Da la'asar jama'a sukan gangara bakin teku na Malageta, su ci kifin sadin da aka tsire a kara aka gasa a garwashi.