Naƙasasshen Ƙwai da Abincin Kaza Mai Ƙwai

Naƙasasshen ƙwai shi ne wanda kaza ta saka ba a siffar da aka saba gani ba: mai laushin ɓawo, ko marar ɓawo sam sai 'yar fata, ko mai tamoji, ko ɗan mitsitsi marar gwaiduwa. A kajin da ake kiwo a gida, yawanci abinci ne ke jawo shi, sai zafin gari, sai cuta.

Kaza kan ɗauki wajen awa 25 kafin ta haɗa ƙwai guda, kuma kusan awa 20 daga ciki a ginin ɓawo suke tafiya, galibi da dare. Ɓawon kowane ƙwai yana fita da kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam. Da yake ba duk abin da ta ci jikinta ke tsotsewa ba, tana bukatar wajen giram 4 a kullum. In ta rasa, sai jikin ya riƙa ɗiba daga ƙashinta. Daga nan ɓawo ya yi laushi, ƙafafu su yi rauni, wata ma ta koyi fasa ƙwai tana shanyewa.

Nan ne masu kiwo da yawa ke tafka kuskure. Kazar Hausa mai yawo tana tonon gara da tsutsa, tana tsintar ganye da tsakuwa, ga shi ƙwai 40 zuwa 60 kawai take yi a shekara, saboda haka tsaki da dusa kan riƙe ta. Kazar gidan gona kuwa, irin su Shika Brown da cibiyar NAPRI ta Shika kusa da Zariya ta samar, takan haura ƙwai 250. Wanda ya kulle irin wannan a akurki yana watsa mata dusa kaɗai, bai ciyar da ita ba. Tana cin giram 110 zuwa 120 a yini, kuma ana so furotin ya kai kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari na abincin, kalsiyam kuma kashi 3.5 zuwa 4. Furotin ana samunsa a gasasshen waken suya da ƙuli-ƙuli da garin kifi, kalsiyam kuwa a garin ƙashi da ɓawon kawa. Ɓawon ƙwan ma yana yi, in an gasa shi an daka. Kalsiyam mai ɗan tsaki-tsaki ya fi gari, musamman a ba da shi da yamma, don yakan daɗe a ciki har lokacin da ake gina ɓawo. Hasken rana kuma yana ba ta bitamin D, wanda sai da shi kalsiyam ke shiga jiki. Amma ba a ba 'yan tsaki abincin masu ƙwai, don yawan kalsiyam yana lalata musu ƙoda.

Da bazara, kaza tana rage ci, tana yawan haki, hakin kuma yana rage mata iskar da ɓawo ke bukata a jini. Maganinsa inuwa da ruwan sanyi wadatacce.

Idan kaji da yawa suka shiga saka ƙwai mai tamoji a lokaci guda, farinsa ya tsinke, ga tari ko koren kashi, to cuta ce, sai a nemi likitan dabbobi. Cutar Niyukasal, wadda ta fi ɓarna da hunturu, tana da rigakafi da ake sarrafawa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato.

Gwaiduwa biyu da ɗan mitsitsin ƙwai an fi ganinsu ga sagarar da ta fara saka, kuma sukan wuce da kansu. Ɗigon jini a gwaiduwa ba ya hana ci. Launin gwaiduwa kuwa na abinci ne: dawa da farar masara suna koɗar da shi, jar masara da ganyen zogale su rina shi, yawan angurya kuma kan sa ya yi kore-kore in ƙwan ya kwana biyu a ajiye.