Kalmar Ingilishi "dissolve": daga ina ta fito, kuma me take nufi?

Kalmar da za mu duba a wannan karo ita ce "dissolve" ta harshen Ingilishi. Ana rubuta ta da "s" biyu, amma a baki "dizolv" ake cewa, kamar da "z" aka rubuta. Duk wanda ya taɓa sayen maganin da ya shigo daga Najeriya ko Gana, to mai yiwuwa ya ga kalmar a jikin kwali. Wanda kuma ke bin labaran siyasa da Ingilishi ya sha jin ta ranar da aka rushe wata majalisa. In ka buɗe ƙamus, fassarar farko da za ka samu ita ce narkewa. Haka ne, amma ba nan ta tsaya ba, domin kalmar da ake faɗa wa sukari a shayi, ita ce dai ake faɗa wa aure a gaban alƙali.

Asalin kalmar

Kalmar ba ƴar asalin Ingilishi ba ce, aro ce daga Latin, harshen Romawan da. A can ana cewa "dissolvere", kuma gaɓa biyu aka haɗa. Ta farko "dis", mai nuna rabuwa, wato kowane ɓangare ya kama gabansa. Ta biyu "solvere", wato kwance abin da aka ɗaure. Da wannan "solvere" Romawa ke cewa an kwance igiya, ko an kwance jirgin ruwa daga inda aka ɗaure shi zai tashi. Da ita kuma suke cewa an biya bashi, tunda mai bashi a wuyansa kamar ɗaurarre yake sai ranar da ya biya.

Ke nan ainihin ma'anar ita ce a kwance abu har ya rabu kashi-kashi. Babu maganar wuta ko zafi a cikin tushen.

Ta fara bayyana a rubuce-rubucen Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 14. Dalili kuwa shi ne, tun da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, Latin kuma shi ne harshen coci da na masu ilimi. Ta waɗannan ƙofofi biyu dubban kalmomi suka kwarara cikin Ingilishi. Wanda ya yi lakkol a nan Nijar zai gane ƴar uwarta nan take: "dissoudre" ta Faransanci, da sunan aikin "dissolution", wanda harsunan biyu ke rubutawa iri ɗaya. Uwarsu ɗaya.

Narkewa iri biyu

Mu a Hausa, man shanu in ya ji rana mukan ce ya narke, gishiri ma in ya shiga miya mukan ce ya narke. Ingilishi ya raba su. Narkewar da zafi ke jawowa ita ce "melt", tsohuwar kalma ta gida wadda Ingilishi ya gada tun kafin zuwan Normandawa. Ƙanƙara, man kaɗe, kitse, dalma a maƙera, duk "melt" suke yi. Amma in abu ya shiga ruwa ya baje a cikinsa har ido ya daina ganin sa, wannan shi ne "dissolve". Faransanci ma yana da "fondre" da "dissoudre", ko da yake a hira mutane kan haɗa su.

Gishiri ya isa misali. Kafin zafi kaɗai ya mai da shi ruwa, sai ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Selsiyus, abin da murhun gida ba ya yi wa tukunya. Amma ka zuba shi a ruwan randa mai sanyi, ka juya, shi ke nan ya ɓace. To ina ya tafi? Yana nan. Ruwan ne ya kwance ƙwayoyinsa ya raba su ƙanana-ƙanana. Shi ya sa masu aikin gishiri a Bilma ke barin ruwan a cikin ramuka, rana ta shanye shi, gishirin ya sake fitowa a tara.

Kuma ruwa yana da iyakar abin da zai ɗauka. Lita 1 tana narkar da gishiri wajen giram 360, sukari kuwa har kusan kilo 2. In aka wuce nan, sauran sai ya kwanta a ƙasa komai juyawa. Akwai kuma abin da ba ya "dissolve" sam: yashi, ko mai a kan ruwa. Garin gero ma damawa ake yi, in an bar shi ya jima sai ya kwanta, ruwa ya taso sama.

A jikin kwalin magani

Nan ne kuskure ke da tsada. In an rubuta "dissolve in water", ana nufin a zuba maganin cikin ruwa mai tsabta a juya har ya narke duka kafin a sha. Ba a ce a ɗora a wuta ba.

Ledar gishiri da sukari da ake ba yaro mai zawo, ana narkar da ita a daidai yawan ruwan da aka rubuta a jikinta, galibi lita 1. In an rage ruwan don yaro ya shanye da wuri, gishirin ya yi yawa, kuma hakan na iya cutar da shi maimakon ya taimaka. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar, a haɗa sabo. Ƙwayar zinc da ake haɗawa da ita ana narkar da ita a cokali, da ɗan ruwa ko nonon uwa. Akwai kuma ƙwayoyin da ake sawa ƙarƙashin harshe su narke da kansu.

Sai dai fa ba kowace ƙwaya ake jiƙawa ba. Wasu an yi musu rufi ne don a haɗiye su ɗungum, su narke sannu a hankali a ciki. Wanda bai gane rubutun ba ya tambayi ma'aikacin likita ko mai farmasi. Ƴan uwa da ke aiko da magani daga waje kuma, ku riƙa haɗawa da bayani da Hausa ta wayar salula.

A fagen siyasa

Majalisa taro ne na mutanen da doka ta ɗaure wuri guda. In an kwance ɗaurin, kowa ya koma gida, kujeru suka zama babu kowa, sai an yi sabon zaɓe. Wannan shi ne "dissolve parliament", mu kuma mukan ce an rushe majalisa. Ya bambanta da "suspend", wato dakatarwa, inda majalisar tana nan, aikinta kawai aka tsayar.

Turawan Ingila sun daɗe da wannan ma'ana. A 1629 sarki Charles na ɗaya ya rushe majalisa, ya yi shekara 11 yana mulki ba tare da ita ba. Yau kuwa a Birtaniya abu ne na yau da kullum: kafin kowane babban zaɓe sai an rushe majalisa. A Faransa, shugaba Macron ya yi haka ranar 9 ga Yuni 2024.

Mu ma mun gani a gida. A watan Oktoba 1994 shugaba Mahamane Ousmane ya rushe majalisar dokoki, aka yi zaɓe a Janairu 1995, ƴan adawa suka samu rinjaye. Ranar 26 ga Mayu 2009 shugaba Tandja Mamadou shi ma ya rushe ta, a lokacin rikicin tazarce. Kafofin labarai na Ingilishi da wannan kalma suka ba da labarin. A jaridun Najeriya kuma za ku ga an ce gwamna ya yi "dissolve" na majalisar zartarwarsa, wato ya sallami kwamishinoninsa gaba ɗaya.

Ƙasa sukutum ma tana iya kwancewa. Haka ake faɗa game da Tarayyar Sobiyet, wadda ta wargaje a Disamba 1991 ta zama ƙasashe 15.

Aure, kamfani da taro

In kotu ta raba aure, takardar Ingilishi za ta ce an yi "dissolve" ɗinsa. Nan Hausa ta yi daidai da Romawa, tunda mu ma ɗaura aure muke yi, har muna maganar igiyar aure. Kamfani ko ƙungiya in aka rufe ta a hukumance, kalmar ce dai. Taron jama'a in ya watse, ko hazo in ya washe, marubuta kan yi amfani da ita. In kuma ka ji an ce mutum ya yi "dissolve into tears", ba narkewa ya yi ba, ya fashe da kuka ne har ya kasa riƙe kansa.

Danginta

Daga "solvere" ɗin nan Ingilishi ya samu "solve", wato warware matsala, kuma ku lura mu ma warwarewa muke cewa, kamar zare ne ya harɗe. Shi ya sa "solution" ke da ma'ana biyu: mafita, da kuma ruwan da aka narkar da wani abu a ciki. "Soluble" shi ne abin da ke iya narkewa a ruwa, za ku gan ta a gwangwanin kofi da buhun wasu takin zamani. "Insolvent" kuma shi ne wanda ya kasa biyan basussukansa, wato ɗaurin Romawan nan bai kwance masa ba.

Saboda haka, in za ka fassara wa wani wannan kalma, dubi abin da take tare da shi tukuna. In ruwa ne da magani, ka ce narkar da. In majalisa ce ko ƙungiya, rushewa. In aure ne, rabawa. In taro ne, watsewa. Allah ya ƙara mana sani mai amfani.