Daga Kunnen Jaki Zuwa Allon Mota: Tarihin Amana a Hanyar Gwarzo

Abin hawa na farko da na ga yana tuƙa kansa jakin kakana ne. Idan kasuwar Gwarzo ta watse da magariba, kakan nawa yakan ɗora mangala, ya hau bisa akumari, kafin su fita gari gyangyaɗi ya ɗauke shi. Jakin ne yake zaɓar hanya har ƙofar gida. Na taɓa tambayarsa ko ba ya tsoron faɗuwa. Ya ce: "Ɗan nan, barcina ba ya nisa. Idan ya ga abin da bai yarda da shi ba, takunsa zai canza, kunnuwansa su miƙe, ni kuwa cinyata za ta ji kafin idona ya gani." Sai da na girma na gane cewa tsohon ya bayyana matsalar da take hana injiniyoyin Amurka da Jamus barci a yau: yaya abin hawa zai sanar da mai shi cewa iyawarsa ta ƙare?

Magabatanmu sun daɗe da sanin cewa tafiya rabon aiki ce. A ayarin fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro, madugu ne shugaba, jagaba shi ne masanin hanya, dabbobi kuma suna da nasu ilimin na ƙanshin ruwa da motsin daji. Kowa ya san iyakarsa, ya kuma san alamar ɗan'uwansa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya manyan motoci suka shiga ɗaukar gyaɗa da auduga daga ƙauyuka, sai aka sami abin hawa mai ƙarfin jakuna ɗari wanda ba ya gani, ba ya ji, ba ya tsoro.

Wannan giɓin ne yaron mota ya cike, wanda Ɗan Maraya Jos ya yi wa waƙa da sunan karen mota. Shi ne mai dirowa da weji idan birki ya yi sanyi a hawa, shi ne mai bugun jikin bodi don direba ya tsaya ko ya tashi. Tsakaninsu an gina wani harshe na bugu da fito da ɗaga hannu, wanda babu makarantar da ta koyar.

An gwada ƙarfin wannan harshe ranar 2 ga Afrilu, 1972, lokacin da Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Doka ta canza cikin dare ɗaya, amma sitiyarin tsofaffin motoci yana nan a dama inda Turawan Ingila suka sa shi. Wani tsohon direba da na zauna da shi a Kabo ya ba ni labarin cewa idan zai wuce wata mota, ba ya hango abin da yake tahowa, sai yaronsa ya leƙa ta tagar hagu ya ce masa ya shiga ko ya dakata. Ran fasinjoji ya koma rataye a kan kalma ɗaya daga bakin yaro. Darasin a fili yake: idan ƙirar na'ura ta saɓa wa hanya, mutum ne yake biyan bashin.

Yanzu ga shi an ba mota ido. A 2004 hukumar binciken sojan Amurka, DARPA, ta shirya tseren motoci marasa direba a hamada, babu wadda ta kai ƙarshe. A 2005 motar Jami'ar Stanford ta yi nasara. A 2014 ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ta kasa sarrafa kai zuwa matakai shida, daga 0 zuwa 5. Haɗarin ya fi yawa a tsakiya, inda mota take tuƙi amma ana bukatar mutum ya zauna a shirye. Tun 1983 masaniya Lisanne Bainbridge ta yi gargaɗi cewa wanda aka raba da aiki aka bar shi da gadi kawai, hankalinsa zai tafi, ƙwarewarsa ta dushe, sannan a neme shi a lokacin da ya fi kowane wuya.

Haka ta faru a garin Tempe na jihar Arizona ranar 18 ga Maris, 2018. Motar gwaji ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata da take tsallaka titi da dare tana tura keke, ta mutu. Bincike ya nuna na'urar ta hango ta fiye da daƙiƙa 5 kafin karon, amma ta kasa tantance ko mece ce, mai gadin sitiyari kuma hankalinta yana kan waya. Motar ta ruɗe, amma ba ta miƙe kunne ba.

Duk lokacin da na bi hanyar Kano zuwa Gwarzo ta Rimin Gado da Kabo, nakan lura da zancen da ake yi ba da baki ba. Direba ya ƙifta fitila, mai babur ya gane. Bafulatani ya ɗaga sanda, motoci su jira shanu su wuce. Ganyen da aka zube a kan kwalta yana cewa akwai motar da ta lalace a gaba. Tsohuwa ba ta tsallakawa sai ta haɗa ido da direba. To, idan kujerar ta zama wayam, da wa za ta haɗa ido?

Wani zai ce wannan zance na nesa ne. Ni ban ga nisansa ba, domin motocin da ake shigo mana da su na hannu sun fara zuwa da na'urar riƙe layi da birki mai kama kansa, suna gargaɗi da ƙara da rubutun da direbanmu bai sani ba, a kan titin da sau da yawa ba shi da layin. Abin da nake nema ga masu ƙira bai wuce abin da kakana ya samu ga jakinsa ba: abin hawa ya faɗi shakkarsa da wuri, cikin alamar da mai shi yake ganewa. Kafin a kai ga haka, ina roƙon direbobinmu kada barcinsu ya yi nisa.